Maruƙan Barkat Sun Ƙi Ci

"Sun ci?" in ji Barkat, tun Inayat bai gama sallama ba.

"Sun ci mana."

"Ƙarya kake, tsohon banza. Fuskarka ta faɗa min."

Inayat ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shekara arba'in katanga ɗaya ce ta raba su a ƙauyen nan na gefen Okara, bai taɓa yi wa Barkat ƙarya ta zauna ba. Kwana shida ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da Barkat a gadon igiya, kwana shida kuma maruƙan ɓaunar gida huɗu da yake kiwo sun juya wa komi baya. Ɓauna haka take da taurin kai, wanda ta saba da shi kaɗai ta sani. Wata takwas ana ɗura musu dusa da angurya, saura mako biyu mahauta su zo daga Lahore, ga haƙarƙari ya fara nunawa. In suka zube, Sughra, matar Barkat, ba ta da abin kamawa bayansa. Kowa kuwa ya san tafiyar ta matso.

"Na jiƙa dusar, na sa gishiri, na wanke su a rafi," in ji Inayat. "Har waƙarka na yi musu."

"Da wannan muryar? Ai dole su ɗau azumi."

Tari ya sarƙe Barkat. Da ya lafa, sai ya shiga kokawa da rigar jikinsa.

"Baban Nasrin, mene ne haka?" in ji Sughra.

"Cire min ki ba shi ya sa. Kai kuma ka rufe bakinka, ka shiga ta hagu, ka fara da mai farin goshi."

Rigar tana warin taba da zufa, hannuwanta sun yi wa Inayat kaɗan. Ya shiga garken ta hagu. Mai farin goshi ya daɗe yana shinshinar ƙirjinsa, sannan ya cusa kai a komi. Sauran suka bi.

Da sauri ya koma, har yana tuntuɓe da bokiti.

"Barkat, wallahi wannan karon..."

Sughra ta riga ta ja mayafi ta rufe fuskar mijinta. Inayat ya yi salati. Ya kai hannu zai tuɓe rigar.

"Bar ta, Yaya," in ji ta. "Da la'asar ma za su ci."

Ta miƙe ta ɓalla masa maɓallin wuya da ya manta.