Mai Huluna na Titin 125

Kwalbar farko a kan teburin Baba Kudus ta fashe, huluna suka watse a titi. Choji, direban bas ɗan Jos, yana tsaye a gefe. Shekara tara ƙofarsa na kallon ta tsohon a bene ɗaya a unguwar Harlem.

Saura kwana uku zaɓe. Baba Kudus, Bahaushen Kumasi, yana sayar da jajayen huluna na jam'iyyar Republican da shuɗɗa na Democrat a tebur ɗaya. Choji ɗan Republican ne, cocinsu da zancen haraji suka kai shi. Ko ɗazu sai da ya tsokani tsohon.

"Baba, wai kai ina ka dosa?"

"Ɗana, waɗancan sun ce za su kula da kuɗin asibitin matata, naku sun ce za su rage mini haraji. Ni dai kai nake rufewa, ba na tambayar abin da ke ciki."

Wani ƙato ne ya sayi ja, ya ɗora a ka, ya zagi masu gangamin Democrat da ke wucewa. Ɗayansu ya fizge hular. Abokan ƙaton suka taso daga tsallake, aka kaure da naushi da kwalabe.

Baba Kudus ya shiga tsakani, hannuwa a sama. Turancin ma ya ɓace masa.

"Ku bari! Don Allah ku bari!"

Sandar wani allon gangami ta same shi a gefen ido. Ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta daki bakin kwalta. Aka bi ta kansa da takalma.

Choji ya kutsa da gwiwar hannu, ya tallabo kan. Jini na bin yatsunsa, ya wawuri hula a ƙasa ya danne raunin.

"Baba, dube ni! Motar asibiti na zuwa!"

"Safiatu," in ji tsohon, yana kiran sunan matarsa. "Ka ce ta ci abincinta, kar ta jira ni."

Kafin motar ta iso ya cika.

Ɗan sanda ya buɗe littafi. "Wane ɓangare yake?"

"Maƙwabcina ne," in ji Choji.

Ranar zaɓe da hantsi Choji ya fito zai tafi rumfar jefa ƙuri'a. Takalman masu gaisuwa sun cika ƙofar Safiatu har bakin matakala. Ya fasa sauka. Sannan ya sunkuya ya kwance nasa, ya jera su a ƙarshen layi.