Kwamfutar Maharazu

Kwamfutar ta sake mutuwa a daidai inda ta saba mutuwa. Shuɗin layin da ke nuna ci gaban aiki ya rarrafa ya wuce rabi, Lukmanu ya fara sakin numfashi, sai allon ya yi baƙi ƙirin. Ya zauna yana kallon fuskarsa a gilashin, gumi na bin bayansa.

Kwamfutar ta abokinsa ce, Maharazu mai hoto, wanda mota ta kaɗe a hanyar Kano watannin baya. Tsohuwa ce tun ranar da aka sayo ta a kasuwar 'yan gwanjo, amma duk hotunan da marigayin ya ɗauka a Kura suna cikinta. Tun da aka fito da ita daga ajiya ta ƙi tashi. Wani mai gyara a birni ya ce a share komai a sa sabuwar manhaja, aikin minti kaɗan. Lukmanu, da yake koyar da kwamfuta a wata makaranta, ya ce ba da shi ba. Zai ɗora Windows a kan tsohuwar ba tare da ya taɓa hotunan ba. Faɗa da baki babu wuya.

Zuliha, matar marigayin, tana zaune a bakin ƙofar ofishin injin casar shinkafa na surukinta, da jaririya Rauda a cinya. Ta haihu, takaba ta faɗi, an yi arba'in, yau bayan la'asar kawunta zai mayar da ita gidansu a Bunkure. An riga an ɗaure kayanta. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta tafi: hoton mahaifin yarinyar, domin ran da ta girma ta tambaya a sami abin nuna mata. A gidan kaf babu ko ɗaya.

Lukmanu ya goge faifan Windows ɗin da gefen rigarsa, ya huro masa iska, ya sake gogewa. Ya zargi janareta, aka kashe injin casa aka bar masa wutar shi kaɗai, masu buhuna a waje suna ta gunaguni. Ya canza waya, ya cire duk abin da ke jone. Ta sake mutuwa. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya san kowace mutuwa a tsakiyar aiki tana iya lalata ma'ajiyar da hotunan ke ciki, kuma babu wata kwamfutar a kusa da zai zare ta ya jona. Tsoro ya kama shi sosai, kada ya zama shi ne ya ƙarasa abin da mota ta bari.

Alhaji Hambali, mahaifin Maharazu, ya leƙo ya ce kawun Zuliha ya iso, yana cin abinci. Ya tsaya yana duban allon.

"Ɗana, in ta ƙi a haƙura. Ni dai Allah ya sani na adana ta."

Lukmanu ya ɗora tafin hannu a kan akwatin kwamfutar don ya miƙe, sai ya janye da sauri. Zafi kamar murfin tukunya. Ya kara kunne. Babu motsin fanka ko kaɗan.

"Baba, a ina aka ajiye ta?"

Alhaji ya amsa da alfahari. Ai da damina ta kama ya ji tsoron laima, shi ne ya sa ta a buhu ya cika da ɓuntun shinkafa ya ɗinke baki, yadda masu sayar da ƙanƙara suke yi. Da za a fito da ita ma shi da kansa ya goge ta tas. Me za ka ce wa uban da ya lulluɓe kayan ɗansa da abin da ya fi yarda da shi?

Lukmanu ya kwance murfin. Ɓuntu ya zubo masa a ƙafa. Ya cushe fankar, ya toshe kowace kafa, har ya yi curi a kan allon wayoyin. Lukmanu ya nemo tsinken tsintsiya da famfon keke, ya yi ta tsokala yana hurawa, yana atishawa. Ya bar ta a buɗe, ya juyo da fankar ofis ya saita mata, ya yi bisimilla ya kunna.

An kira la'asar layin yana rabi. Kawu ya aiko a ce Zuliha ta fito, ba ta ko ɗaga kai ba. Layin ya iso wurin da yake mutuwa, ya tsaya. Sai ya motsa, ya wuce.

Hotunan suna nan. Angwaye, 'yan kwando da tumatir, yara suna wanka a bakin kanal ɗin noman rani, Alhaji a gaban injinsa, Zuliha da lalle. Lukmanu ya yi ta dannawa, murnarsa tana sanyi. Duk Kura tana ciki, ban da wanda ya riƙe kyamarar.

"Tsaya, Malam," in ji Zuliha. "Koma baya."

Hotonta ne a ɗaki, tana tsefe kai. A bayanta, cikin madubin durowa, ga mutum tsaye, kyamara ta rufe masa rabin fuska. Ido ɗaya, gefen murmushi, da kunne mai ɗan lanƙwasa a sama.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta zame hular jaririyar, ta juyo da kanta a hankali, ta ɗora yatsa a kan kunnenta.

"Wannan za a wanke mini," ta ce.

Alhaji Hambali ya juya ya fita, ya ce bari ya gaya wa kawu ya ƙara haƙuri.