Wakilin da Muka Aika wa Madam Odette

Maigidana Isufu irin mutanen nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri. Shekaru ya yi yana gadin wani kanti a Vaulx-en-Velin, unguwar da muke zaune a gefen Lyon, yana dawowa gida kamar wanda aka yi wa duka. Ranar da ya sami aikin kiwo a gonar Madam Odette kuwa, sai na ga mutumin da na aura a Tawa, can gida Nijar, ya dawo. Har waƙa yake yi a banɗaki, da muryar nan tasa da ba ta da daɗin ji.

Gonar ƙarama ce, can cikin tuddai yamma da Lyon. Akwai rumfar tumaki, da tsohon gida na dutse, da wani ɗan gida a gefe wanda ba kowa a ciki, sannan ga makiyaya, wato filin kiwo, guda biyu, ta ƙasa da ta kan tudu. Madam Odette tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo kuma ko warin tunkiya ba ya son ji. Tana da faɗa, amma cikinta ɗaya. In ta ga ka yi daidai ba za ta yaba ba, sai dai ta yanko maka cuku ta tura gabanka.

Watan Maris shi ne lokacin da ba a zama a gonar. Sanyi ya fara saki, ciyawa ta fara tsiro, ko'ina taɓo, tumaki kuma sai haihuwa suke yi kamar sun haɗa baki. Ranakun Asabar da Lahadi nakan bi Isufu. Shi yana cikin rumfa yana taimakon mai naƙuda, yana goge ɗan da tsumma, yana tabbatar da ya sha dakashi, ni kuwa ina ɗumama madara ina ba marayu da kwalba. Madam Odette tana bin mu da sandar marigayi mijinta, tana nuna wannan tana nuna wancan. Duk wanda ya ga yadda tumakin nan ke rugowa in Isufu ya yi musu kiran da ya koya a wurin kakansa, zai ɗauka nasa ne.

Wata Asabar wata tunkiya ta haifi matacce, wata kuma ta haifi uku, nononta ba zai ishe su ba. Madam Odette ta sa Isufu ya feɗe mataccen, aka sa wa ɗaya daga cikin ukun fatar kamar riga, aka tura shi wurin wadda ta rasa nata. Tunkiyar ta shinshina, ta sake shinshinawa, sai ta tsaya ya kama nono.

Na ce, "Madam, wannan ai yaudara ce."

Ta yi dariya ta ce, "Hanci take bi, Balkisa. In ta ji warin wanda ta sani, ba ta ƙara tambaya."

A ranar ne, muna shan shayi a kicin ɗinta, ta ce gwiwoyinta sun gama aiki, wannan ce haihuwar tumaki ta ƙarshe da za ta tsaya a kai. Sayar da gonar ba za ta yi ba, hayarta za ta bayar na shekaru masu yawa, da garken duka, ga wanda zai riƙe ta da kyau. Tana magana tana kallon Isufu. Ta ce, "Ban dai san wa zan bar wa ba." Shi kuwa malam sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa na roba kamar yau ya fara ganinsa.

Muna shiga mota na ce, "Malam, matar ga da kai take. Mi ya hana ka buɗe baki?"

Ya ce, "Haba Balkisa, da bakina? Abu mai girma awa wanga? Sai ta ce dama jira nike ta gaza. Babba za a aika."

Ban ga abin musu a nan ba. Mu haka muka tashi muka gani. Ba ka neman babban abu da bakinka, sai ka tura wanda ya girme ka, kai kuma ka kauce ka ba su wuri. Haka aka nemi aurena, haka ake neman gona a gida. Kuma babban da za a aika ba sai an yi dogon tunani ba. Alhaji Hassoumi ne, ɗan garinmu mai shagon nama a Paris, wanda ya sauki Isufu lokacin da ya zo ƙasar nan da jaka ɗaya, wanda duk Babbar Sallah yake sayen raguna a gonar ta hannun Isufu.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris takanas, don irin wannan magana ba ta waya ba ce. Muka fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a unguwar Château Rouge, muka ratsa masu atamfa da masu kitso da masu kiran ciniki, muka iske Alhaji a bayan shagonsa yana jan carbi. Isufu ya durƙusa, aka yi gaisuwa har ta gaji, ya ajiye goro da turare, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu. Alhaji ya yi ta tambaya: girman makiyayar, ruwan rijiya, lafiyar garken, ko tsohuwar ta yi wa wani alkawari. Ni a raina har daɗi nake ji, ina cewa ga wakili na ƙwarai.

Ya ce, "Isufu, kai ɗana ne. Bar mani wagga magana, ni ad da ita. Ɗiyata Balkisa, ki hwara shirin tashi."

Sati bai zagayo ba ya zo Lyon da babbar riga da hula. Na dafa masa dambu da zogale, na soya kaji, na shimfiɗa masa sabon zanen gado. Washegari muka kai shi gonar. Da suka shiga kicin, Isufu ya juya ya nufi rumfa, ni ma na bi shi. Madam Odette ta leƙo ta taga ta ce, "Isufu, zo ka zauna mana!" Ya ɗaga mata hannu ya ce tumaki na jiran harawa. Sun daɗe a ciki. Mu muna waje muna ta addu'a, Isufu yana yanke wa wata tunkiya kofato.

A hanyar komawa Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi, gona ta zo gida. Amma a yi shiru har takardu su hito. Kar ka tada mata zancen, ka san Nasara, in anka matsa masu sai su sake shawara. Zan turo maka ƙanenka Kamal, tunda shi ya yi karatun noma, shi kama maka wajen papiers, takardun hukuma."

Kamal ɗan Alhaji ne, ya kusa shekara talatin, mai ladabi, ba ya yawan magana. A falonmu ya sauka. Duk watan Afrilu tare suke fita da Isufu da sassafe. Isufu ya nuna masa komai: yadda ake ja wa tumaki shingen lantarki, wace tunkiya ce ke ƙin ɗanta, ina ruwa ke kwanciya a makiyayar ƙasa, yadda ake sa wa 'yan tumaki lamba a kunne. Wani lokaci Kamal ya ɗauki Madam Odette a mota su tafi gari wajen takardu, Isufu ya tsaya da garke yana shi masa albarka. Abin da na lura da shi kawai, in na miƙa wa Kamal abinci ba ya iya kallon idona. Na ɗauka kunya ce irin ta 'ya'yan mutunci.

Madam Odette ma ta canza. Ta daina faɗa, ta daina turo cuku. Ta kan tsaya ta dubi Isufu ta girgiza kai ta wuce. Isufu ya ce ai rabuwa da gona ba sauƙi, a yi mata uzuri. Ni kuwa ina can ina leƙa ɗan gidan nan na gefe, ina auna tagogi da mayafina don labule. Har na gaya wa maƙwabciyata Zouera ta fara nema wa kanta wadda za ta riƙa aron tukunya a wurinta.

Farkon watan Mayu ake kai garken makiyayar kan tudu, kuma a gonar ranar kamar ƙaramar salla ce. Muka kora su da safe, Isufu a gaba yana kira, 'yan tumaki na tsalle a cikin ciyawa mai furanni, ni da Kamal a baya. Da muka sauko, Madam Odette ta shirya tebur a tsakar gida, ta sa rigarta ta zuwa coci. Bayan mun ci, ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko sandar mijinta ta miƙa wa Isufu da hannu biyu.

Ta ce, "Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, da ba ka gaya mini da bakinka ba. Amma ba zan bari ka koma Nijar hannu wofi ba. Ka kora tumakinka na can da ita."

Isufu ya ce, "Nijar, Madam?"

"Babanku ya gaya mini komai. Ya ce kana son komawa gida ƙarshen shekara, kunya ta hana ka faɗa, shi ya sa ka aiko shi. Ya ce kai ka zaɓi ƙanenka Kamal ya gaje ka. Da ba don kai ka turo shi ba, me zai sa in ba wa wanda ban sani ba? Jiya muka sa hannu a wurin notaire, lauyan da ke hatimce yarjejeniya."

Na juya wajen Kamal. Kujerarsa ba kowa, ya sulale ya shige rumfa. Ni da na soya wa mutumin nan kaji! Ni da na kwantar da ɗansa a falona wata guda ina wanke masa kwano!

Madam Odette ta dubi fuskata, ta dubi ta Isufu, sai ta zauna a hankali. Ta ce, "Ba ka da niyyar tafiya." Ba tambaya ba ce. "Isufu, tun bara nake jira ka ce kana so. Na faɗa a gabanka, ka yi shiru. Na kira ka ka zauna, ka tafi wurin tumaki. Kalma ɗaya, me ya hana ka?"

Ya ce, "Na tambaya, Madam. Na aiko babbanmu. A wurinmu babu tambayar da ta fi wannan girma."

Ta rufe fuska da hannuwanta. Ta ce za ta kira notaire, za ta ga abin da za a iya yi, amma muryarta ta nuna ta san an riga an gama. Sai na tuna ɗan tunkiyar nan mai rigar fata. Warin Isufu ta ji a jikin Kamal, shi ya sa ba ta ƙara tambaya ba.

Na zaro waya na kira Alhaji na danƙa wa Isufu, don in ni na yi magana ba za a ji da daɗi ba. Wallahi yana jin muryar Alhaji sai ya rusuna a cikin taɓo, alhali mutumin yana can Paris ba ya ganinsa. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi gajiya. Abin ya ƙona mini rai fiye da duk abin da ya wuce. Ina jin Alhaji ta cikin wayar yana cewa, "To mi ya ɓaci? Ban ce maka gona ta zo gida ba? Kamal ƙanenka ne, shi ad da diplôme na karatun noma, kai kuwa aikinka shina nan, ba mai taɓa ka. Bon, maganar ragunan Sallah…"

Isufu ya miƙe tsaye ya kashe wayar. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya riga babba ajiye waya ba.

Ya shiga rumfa, na bi shi. Akwai maraya guda da bai isa hawa tudu ba, ya haɗa madara ya ba shi har ya ƙoshi, ya wanke kwalbar ya kife. Kamal yana tsaye a lungu. Ya ce, "Yaya Isufu, ni Baba ya ce mani kun yi magana…" Ya kasa ƙarasawa, don shi da kansa ya san wata guda yana jin muna zancen labule. Isufu ya ciro makullan rumfa da na ɗakin magani daga aljihu ya ɗora a kan buhun dusa, ya cire takalmin roba ya jingine a bango.

Sandar kawai ya ɗauka. Hanyar fita daga gonar tana bi ta gefen makiyayar kan tudu, kuma tumakin sun san ƙarar motarmu. Suka rugo suna bin shinge suna kuka, manya da ƙanana, har inda shingen ya ƙare. Isufu bai juya ba, ya dai rage tafiya, ya ce in ɗaga gilashi, iska na sa masa hawaye.