Bulala Ɗaya a Teburin Dokas

Guntun sandar ya sauka a gadon bayan Jumare daidai lokacin da farar ƙwallo ta tashi. Ƙarar dukan ta fi ta ƙwallayen. Ko gezau bai yi ba. Jar ƙwallo ta daki bakin rami ta dawo tsakiyar tebur.

"Ka sake ɗaga kai!" in ji Julius. "Na ce maka haɓa a kan sanda, ido a kan ja, ka mutu a wurin har ƙwallo ta faɗa. Kai sai ka zabura kamar an kira sunanka a kotu."

Julius kofur ne da aka sallama bayan yaƙin basasa. Tun da Madam Dokas ta sayo teburin sunuka, wasan tura ƙwallaye rami da sanda, daga Jos, a shekarar da ƙarin albashin Udoji ya haukata ma'aikata, ta girke shi a otel ɗinta na bakin tasha, ba a sami wanda ya ci Julius wasa ba. Jumare kuwa dillalin shanu ne, daga wata ruga ta wajen Gitata, yana loda wa motocin Ikko. Wasan ya shige shi kamar ciwo. Yana da hannu, yana da ido. Abu ɗaya ya kashe shi: da ya tura sanda sai kansa ya tashi don ya ga inda ƙwallo ta nufa. Shi da bakinsa ya roƙi Julius ya gyara shi. Da can Julius kan riƙe guntun sanda a saman ƙeyarsa, in ya ɗago ya ƙwale. Yau Kofur ya fara da kwalba tun hantsi, haƙuri ya ƙare, ya zabga masa da gaske.

Jumare ya ji riga ta manne masa a baya. Zafin bai dame shi ba, bayan nan duk tabon shaɗi ne. Abin da ya tsorata shi shi ne mutumin da ya gani tsaye a bakin ƙofa: wansa Ɓoɗejo, da malafa, da tsumagiyar tsamiya a hannu, da adda a rataye. Ya zo gaya masa mota ta iso kara.

Ɓoɗejo ya tako a hankali, ya ɗaga rigar ƙanensa, ya duba jinin.

"Wannan ne ya buge ka?"

"Hamma, koyarwa ce. Ni na sa shi."

"Ka motsa?"

"Ban motsa ba."

"To ya tuɓe."

Jumare ya rufe ido. A wurinsu maganar ba ta da kwana. In ka zabga wa namiji a gaban mutane, ya tsaya bai motsa ba, ka buɗe shaɗi ke nan, dole ka ba da bayanka a rama. In ka ƙi, ya tashi daga shaɗi ya koma cin mutunci, shi kuma ba da sanda ake wanke shi ba. Ya san wansa. Akwai wani mahauci da ke yawo da kunne ɗaya saboda irin wannan gardamar.

Ya juya ya yi wa Julius bayani a gajarce. Julius ya tuntsire da dariya har da dafa tebur.

"Ni? Ni za a buga kamar jaki? Ɗan Fulani, harsashi ma bai same ni ba. Gaya wa ɗan'uwanka ya koma wurin shanunsa, nan ba daji ba ne."

Ɓoɗejo ya zare addar.

Zaure ya rikice. Wani akawu mai suna Lucky ya fita ta taga, ya bar takalmi ɗaya. Benci ya kife. Madam Dokas ta fito daga kicin da ludayi tana ihu: "Teburina! Ku fita waje ku kashe kanku, kada ku taɓa mini tebur!" Julius ya cafki kwalba ya fasa ta a jikin bango, ya riƙe wuyan. Ɓoɗejo ya kawo sara, addar ta wuce ta gefen kunnen Kofur ta ci katakon tebur. Kafin ya zare ta Julius ya kawo suka.

Jumare ya faɗa tsakani. Kwalbar ta yage masa hannu daga gwiwa zuwa ƙasa, jini ya watsu a koren ƙyallen tebur. Da ɗaya hannun ya shaƙe wuyan rigar Julius ya haɗa shi da bango, har kansa ya yi ƙara.

"Kofur, saurare ni. Wallahi ba wasa yake yi ba. Yau ko bayanka ko wuyanka. Bulala ɗaya ce, kuma ni zan yi, ba shi ba."

Julius na haki, warin giya na fita. Ya dubi Ɓoɗejo ta saman kafaɗar Jumare. Mutumin ba ya huci, ba ya zagi, jira kawai yake yi da adda a hannu. Irin wannan jiran Julius ya san shi tun daga yaƙi. Ya saki kwalbar.

Ya cire rigarsa ya jefar. "Amma ba zan tsaya kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa ba. Ku ba ni sandata."

Ya goga alli a bakin sandar, bai yi sauri ba. Ya raba ƙafafu, ya kwanta a kan tebur, haɓa ta taɓa sanda. Jar nan da ta gagari Jumare ita ya auna, can ramin ƙarshe.

Ɓoɗejo ya miƙa wa ƙanensa tsumagiya. Jumare ya ji nauyinta, hannunsa na ɗigar da jini. Ransa ya so ya sassauta. Amma ya san in ya sassauta wansa zai ce ba a rama ba, ya karɓa ya yi da kansa. Ya ja baya, ya ɗaga har ƙafarsa ta bar ƙasa.

Julius ya ja sanda baya, ya ɗan tsaya, ya tura.

Tsumagiyar ta sauka. Fata ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta yi fari, sannan jini ya cika ta. Madam Dokas ta ce, "Yesu!" Julius bai tashi ba. Haɓarsa na nan a kan sanda, idonsa na inda ya ajiye shi. Ja ta gangara tsawon tebur ta faɗa rami. Bai miƙe ba sai da fara ta tsaya cik.

Ɓoɗejo ya matso ya duba raunin kamar mai duba saniyar sayarwa, ya mayar da adda kube.

"Namiji ne," ya ce. Ya dubi ƙanensa. "Mota na jira." Ya fita.

Julius ya zauna a bencin da Dokas ta tayar. Ta kawo ruwan gishiri tana zagin su duka biyun, ta yaga tsohon zane ta ɗaure wa Jumare hannu.

"Ka ga yadda ake yi?" in ji Julius da ƙyar. "Ga baƙar ƙwallo can. Buga kafin ka tafi."

"Kofur, bari sai wani jiƙon."

"Buga, na ce. Ba a banza aka tsaga ni ba."

Jumare ya ɗauki sanda ya kwanta. Ya ja baya. Tun kafin ya tura ya ji wuyansa na neman tashi, kamar kullum. Julius ya taso yana ɗingishi, hannunsa ya kai kan guntun sandar nan. Sai ya tsaya. Ya dubi ƙofa, ya ture guntun ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya ɗora tafin hannunsa a ƙeyar Jumare ya danna.

"Mutu a nan."

Jumare ya tura. Bai ga shigar baƙa ba. Faɗuwarta kawai ya ji.