Ruwan Wankan Baba Isa

Firisila na ɗaga zanen da aka lulluɓe Baba Isa da shi ta ga bororo ya kwanta masa daga cinya zuwa gwiwa, a ƙafar hagu, wadda ta shanye tun bara. Tsohon yana kallon silin abinsa. Ƙafar nan ko allura aka soka mata ba ya ji.

Ba ta ruɗe ba. Ta wanke hannu, ta sa safar roba, ta rufe wurin da bandeji mai tsabta. Uwargidan ta kawo man goge baki da ɗanyen ƙwai a shafa, Firisila ta ce a mayar kicin.

Aikinta ke nan. Wani ƙaramin kamfani a Tudun Wada ne ke tura su gidaje kula da tsofaffi da marasa lafiya, kuma dokar kamfanin ba ta da lanƙwasa: wadda majinyaci ya ƙone a hannunta ta bar aiki, babu gidan da za a sake tura ta.

Badruddeen, babban ɗan gidan, ya dawo daga mayankar Abatuwa da warin babbaka a jikinsa. Mahauci ne kamar ubansa. Yana ganin ƙafar ya hau faɗa. Ya ce an kawo musu wadda za ta dafa musu uba da ransa, ya ce dama shi bai yarda da wannan jinyar haya ba. Nan take ya zaro waya ya kira ogar Firisila, Madam Theodora, ya ce ta zo ta kwashe ma'aikaciyarta. Madam ta ce ga ta nan bisa acaɓa daga Tina Junction.

Firisila ta bar shi ya gama. Sannan ta tuna masa jiya Lahadi ce, tana coci, kuma ranar Asabar ta bar fatar tsohon lafiya lau. Ta tambaya wa ya yi masa wanka jiya. Ya ce shi ne, kuma shi ba yaro ba ne, da hannunsa ya taɓa ruwan, ɗumi ne kawai, don sanyin Jos ba ya barin tsoho ya yi wanka da ruwa salam.

"Oga Badruddeen, surka min ruwan kamar yadda ka yi jiya."

"Jarrabawa za ki yi min a gidan ubana, Sista?"

"Ka surka kawai."

Ya ɗauko tukunya daga murhu ya juye a bokiti, ya ɗan tsiyaya na sanyi. Ya tsoma hannu har wuyan hannu, ya juya, ya juya, yana kallonta ido cikin ido. Ba ƙarya yake ba. Hannun da ya taso yana wanke tumbi da ƙafar saniya a ruwan da ke tururi, ya yi kanta kamar tafin raƙumi. A gidan nan duk namiji haka hannunsa yake, har alfahari suke yi da shi.

Ta ce ya naɗe riga ya sa gwiwar hannu, da ita ake gwada ruwan majinyaci. Ya yi tsaki, ya ce wanka dai ba da gwiwar hannu ake yi ba. Amma uwarsa na tsaye a bakin ƙofa tana kallo, don haka ya naɗe, ya durƙusa, ya nutsa.

Da wani ne da tuni ya fizge. Shi kuwa ya cije, ya bar ta a ciki, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Babu zafi," ya ce.

"To ka ƙara barinta."

Bai ƙara ba. Ya ciro ta ta yi jawur. Firisila ta tura masa bokitin ruwan sanyi da ƙafa, ta koma ta juya tsohon zuwa ɗaya gefen, ta gyara masa matashi. Ta gaya wa uwargidan a nemo mota, asibiti za a kai shi yau, mai ciwon suga ba a wasa da gyambonsa. Badruddeen na tsugune, yana kallon ƙafar ubansa.

Ana haka Madam Theodora ta yi sallama. Mace ce da ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ta buɗe bandejin ta duba, ta rufe. Ta ce wa Firisila ta ɗauko jakarta ta jira a waje, za a turo wata gobe kafin a gama bincike. Firisila ta ɗauki jakar ba gardama, amma ba ta yi saurin fita ba. Ta tsaya tana zuge zif a hankali.

Madam ta juya za ta ba Badruddeen haƙuri, sai idonta ya faɗa kan hannunsa. Fatar ta fara tashi.

"Kai kuma me ya same ka?"

Badruddeen ya dubi uwarsa, ya dubi tsohon da ke kwance.

"Madam, bari ta ajiye jakar," ya ce. "Mu biyun duk ni na ƙona."