Takalmin Ƙanƙara a Katako

Salima na tsaye a rumfar Idrisa mai washin wuƙa a kasuwar Katako, tana kallon tartsatsi na tashi daga takalmin yayanta. Ta so ta ce ya dakata, ta fasa.

Yayan nata, Faisal, ya zo hutu ne daga Kanada, inda yake wasan hoki a kan ƙanƙara. Takalmin, mai dogon ƙarfe a ƙasa, don ƙafarsa kaɗai aka yi shi. Dumama shi aka yi, aka matse shi daidai idon sawunsa da ya taɓa karyewa. Jibi zai koma, yana sauka wata babbar ekip, wato ƙungiyar wasa, za ta gwada shi. Ya kawo takalmin ne uwarsu, Inna Ramlatu, ta sa albarka. Inna ta shafa ƙarfen ta taɓe baki. "Wannan ko albasa ba zai yanka ba." Yana fita gaida dangi, ta cusa shi a buhu ta miƙa wa Salima ta kai wa mai washi.

"Ƴammata, wannan takalmi aljani ne!" in ji Idrisa, yana share gumi. "Na buga, na murɗa, ɗinki ko ɗaya bai saki ba. Ƙarfen ma ya ƙi fita, har na kara diddigen a wuta."

"Wuta?"

"Kaɗan dai. Lokacin kin tafi shan ruwa."

Ta karɓa. Diddigen dama ya lotsa ciki, ya sandare a haka. Ƙarfen da Faisal ya nuna mata jiya, mai ɗan kwari a tsakiya don ya riƙe ƙanƙara, ya koma siriri kamar aska.

A gidansu a unguwar Talladje ta tarar Faisal ya dawo, yana kan tabarma yana shan shayi.

"Zo ka ga aikin da muka yi maka," in ji Inna, fuskarta fal murna.

Ya ɗora babban yatsa a kan ƙarfen, jini ya fito. Ya zura ƙafa, ta tsaya a rabi.

Salima ta durƙusa kamar za ta taya shi. "Yaya, a can ba za su gyara ba?"

"Sabo za a yi," ya ce a hankali. "Makonni ake yi."

"Me kuke ƙus-ƙus, kai da wannan shiru-shirun?" in ji Inna. "Bai fi da ba?"

Faisal ya dubi uwarsa. Ya cije leɓe, ya danna ƙafar da ƙarfi har ta shige, ya ɗaure igiya. Ya dafa kafaɗar Salima ya miƙe, ta ji yatsunsa na nutsewa a namanta.

"Ya yi daidai, Inna."

Inna ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Salima ta kalli ɗigon jinin da ke kan tabarma, ta ce amin.