Wani Gida Da Yaya Ta Sani

Ina tsugune ina sa wa Baba safa saƙon Yaya ya shigo. "Auta, ka yi haƙuri, an dawo mini da lacca safiyar yau. Mu bar ɗaukar Baba sai gobe." Na karanta, na sake karantawa, na ja wani tsaki da ya sa Baba ya ɗago kai ya dube ni.

Wai gobe! Motar kamfanin da ya ɗauke ni koyon haɗa wutar sola mai aiki da hasken rana yau da tsakar rana za ta tashi, kuma jami'in da ya kira ni bai ɓoye mini komai ba: duk wanda motar ta tashi ba shi, na bayansa za a ba gurbinsa. Wajen horon da nisa, can za mu zauna har a gama. Yaya ta san da haka sarai. Ita da bakinta ta ce in haɗa kayana, za ta zo da sassafe ta tafi da Baba gidanta, har ta yi magana da wani mai jinya.

Tun da Mama ta rasu, Baba kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ne wanka, ni ne magani, ni ne juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo. Babban wanmu yana wata ƙasa, aikinsa turo saƙon murya mai cike da sa albarka. Yaya malama ce a jami'a, tana koyar da ilimin zamantakewa. Ni kuwa da na gama makaranta ban samu aiki ba, shi ke nan magana ta zama "ai Auta yana gida." Abokaina sun yi aure, wasu har sun haihu, Auta yana nan gida.

Na kira wayarta, a kashe. Zuciyata ta tafasa.

"Baba, fita za mu yi."

Maganarsa ba ta fita sosai tun da ciwon ya karkata masa baki, amma ni ina ganewa. "Ina?"

"Wajen Yaya."

Na zuba magungunansa da tawul da kayan canji a jaka ɗaya, na rataya tawa jakar a baya, na ɗora shi a kekensa na marasa lafiya na tura zuwa bakin titi. Direban tasi ya taya ni naɗe keken yana mita wai zai karce masa fenti. Sai da muka shiga cunkoso na tuna ban kai Baba banɗaki ba bayan ya sha shayi. Na dube shi, ya jingina kai da gilashi yana kallon masu sayar da kaya a gefen hanya, rabonsa da fita ya daɗe. Na ce a raina yanzu za mu isa, ba komai.

Mai gadin jami'a ya nuna mana babban ɗakin lacca. Ƙofar baya a sama take, daidai da ƙasan waje, daga nan kujeru suka gangara layi-layi har zuwa dandamali. Na tura keken a hankali na tsayar da shi bayan layin ƙarshe. Ɗakin cike yake maƙil. Can ƙasa na hango Yaya riƙe da makirufo, hasken majigi na dukan fuskarta, ba yadda za a yi ta gano mu. Na yanke shawarar in jira ta ɗan numfasa in ɗaga mata hannu, in damƙa mata Baba in ruga. Ban so in tozarta ta a gaban ɗalibanta ba, wallahi ban so ba.

"Yau manyan ra'ayoyi uku za mu duba, waɗanda masana ke kallon iyali da al'umma da su," in ji ta. "Kuma don kada ku yi mini barci, zan ba ku misali da wani gida da na sani."

Aka yi dariya. Wata ɗaliba da ke gabanmu, mai jan mayafi, ta zunguri ƙawarta. "Yauwa, an dawo gidan tsohon nan. Ko autan ya samu aiki?"

Na ce wa kaina gidaje masu tsoho da auta ai sun fi a ƙirga.

"Ra'ayi na farko yana kallon al'umma kamar jikin mutum," Yaya ta ci gaba. "Kowace gaɓa da aikinta. Iyali shi ke renon yara, shi ke kula da marar lafiya da tsoho. Idan gaɓa ɗaya ta tafi, sauran sukan gyara zama su cike gurbin don jikin ya ci gaba da tafiya. A gidan nan uwar ta rasu, uban ya kwanta ciwo. Manyan 'ya'yan suna da aiki, sai autan ya shiga gurbin uwar. Masu wannan ra'ayi za su ce, to ai gida bai rushe ba, tsarin yana aiki."

Wani yaro a tsakiya ya ɗaga murya. "Dakta, wato autan ya zama matar gida ke nan?"

Ɗakin ya kece da dariya. Yaya ma ta murmusa, ina hango haƙoranta daga inda nake. "Ta fuskar aikin da yake yi, eh."

Kai jama'a! Ni ne matar gida. Kunnuwana suka ɗau zafi, na damƙe hannun keken har yatsuna suka yi ciwo. Ashe duk zangon nan da mu ake koyar da 'ya'yan mutane, kamar kwaɗon da ake yankawa a ɗakin gwaji. Wayata ta yi ƙugi a aljihu, na leƙa, jami'in kamfani ne ya rubuto cewa an fara loda kaya. Na ɗaga hannu sama ina kaɗawa. Ko kallon wajen ba ta yi ba.

Ta ci gaba: "Masu ra'ayi na biyu sai su ce, dakata tukuna. Wa ke cin moriyar wannan tsari, wa kuma ke ɗanɗana kuɗarsa? Su a wajensu, al'umma fage ne na ja-in-ja tsakanin masu ƙarfi da marasa ƙarfi, kuma cikin gida ma haka abin yake. Masu albashi su ke da murya, su ke yanke shawara. Tsohon ya zama nauyi, nauyi kuwa kan wanda ba shi da ƙarfin cewa a'a yake sauka."

Na sunkuya na dubi Baba. Mutane suna mantawa, saboda bakinsa ya karkace, cewa hankalinsa garau yake. Hannunsa mai lafiya ya ƙanƙame gefen keken, jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa. Ya ji. Ya ji 'yar cikinsa ta kira shi nauyi a lasifika. Na raɗa masa a kunne cewa karatu ne kawai, ba da shi take ba. Bai ko motsa ba.

Ɗalibai kuwa sai rubutu suke, kai a duƙe.

"Na ukun ya fi son ƙananan abubuwa," in ji Yaya, muryarta ta ɗan sauka. "Masu shi suna cewa ma'ana a cikin mu'amalar yau da kullum ake ƙera ta, da kalma, da kallo, da abin da aka saba faɗa. A gidan nan ba wanda ya taɓa zaunar da autan ya ce mun naɗa ka mai jinya. Magana ɗaya ce ake ta maimaitawa: ai yana gida. Aka yi ta faɗa har kowa ya ɗauka lokacinsa ba shi da daraja. Shi kansa ya yarda. Idan zai fita neman aiki, ba da haƙuri yake yi kamar zai je sata."

Duk tsawon lokacin nan uzuri nake yi mata, ina cewa aiki ya sha mata kai, ba ta lura ba ne, da ta ga halin da nake ciki da ta yi wani abu. Ashe ta gani. Ta gani fiye da yadda ni na gani, ta jera shi kashi uku, ta sa a majigi.

Sai na ji ɗis, ɗis a ƙasa. Mai jan mayafin ta waigo, ta janye jakarta da sauri, ta ɗage ƙafafu. Ruwa ne ke bin ƙarfen keken yana taruwa a siminti, ya fara neman hanyar gangara matakala. Baba ya runtse ido, hawaye na bin kuncinsa. Mutumin da a da ko tari ya yi a ƙofa sai gida ya yi tsit. Na tuɓe jaket ɗina na rufa masa a cinya.

A can ƙasa wata ta tambaya, "Dakta, to sauran 'yan'uwan ba su san haka ba ne?"

Yaya ta gyara riƙon makirufon. "Sun sani," ta ce. "Amma aikinmu a nan shi ne mu fahimci yadda abin yake, ba mu..."

"Yaya!"

Ban san na ɗaga murya haka ba. Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ta kare hasken majigin da tafin hannu ta ɗago kai, makirufon ya yi wata ƙara mai kashe kunne. Na ji mai jan mayafin ta ce a hankali, "Innalillahi, autan ne."

"Mu tsaya a nan," Yaya ta ce, da ƙyar aka ji ta. "Ku tafi."

Suka watse ba hayaniya, yawancinsu ta ƙofofin ƙasa. Waɗanda suka bi ta wajenmu kansu a ƙasa, wani ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu, Baba." Ita kuwa ta hawo matakalar tana haki, tana riƙe da gefen zaninta.

"Auta, me na yi maka da za ka yi mini haka a gaban ɗalibai?"

"Ni na yi miki? Misalinki na kawo miki, Yaya, ga shi nan ki ƙarasa karatun."

"Na ce maka gobe."

"Gobe babu mota! Kin sani, kin fi kowa sani, yanzu na gama ji da kunnena."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka kan simintin. Ta dubi jaket ɗin, ta dubi fuskar Baba, ta dafe ƙirji. "Baba," ta ce.

Wayata ta sake ƙugi. Wannan karon kira ne. "Kana ina?" in ji jami'in. "Kowa ya shiga, kai kaɗai ake jira, direba ya tada mota. In ba ka kusa ka faɗa mini in kira na bayanka."

"Ina hanya, ranka ya daɗe. Don Allah a ɗan jira ni."

"Ba zan iya riƙe shi da yawa ba."

Yaya ta kamo hannun rigata. "Ka taimaka ka canja masa tukuna, sai in kai ka da motata. Ni ban taɓa yi ba, Auta, ban san ta inda ake farawa ba. Kuma ka san ba zai so ni in..."

Gaskiya ta faɗa, shi ya fi ƙona mini rai. Na san kunyar Baba, ko likita mace ba ya yarda ta buɗe shi. Na kuma san aikin: a nemo banɗakin da keke zai shiga, a ɗaga shi, a wanke, a shanya, a sa masa wasu kayan. Kafin a gama motar ta yi nisa. Ina wannan tunanin na ga ashe har na durƙusa na zuge jakar, tawul na hannuna. Hannuwana ba su ma jira na yanke shawara ba.

Baba ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya fizge tawul ɗin ya jefa wa Yaya a jiki.

"Tafi," ya ce.

"Baba, bari in gyara ka, yanzu zan..."

"Ta-fi."

Bai dube ni ba, bango yake kallo. Na miƙe. Na ce wa Yaya ta danne birki kafin ta ɗaga shi, ta shiga ta ɓangaren da ya shanye, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, kada ta ja shi ta hannu. Farar ƙwayar bayan abinci ce, kuma a juya shi ko bai nema ba. Tana gyaɗa kai, hawaye na zuba, na san rabin abin da na faɗa bai shiga ba. Ta cire takalmanta masu tsini ta ajiye a gefe, ta durƙusa a cikin ruwan.

Na gyara jakata a baya na nufi ƙofa. Na tura ta ke nan na ji ƙarar keken ya zame, Yaya ta yi salati, sai muryar Baba, da ƙarfi, sak yadda yake kirana duk lokacin da wani abu ya yi masa ciwo.

"Auta!"

Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Na san abin da ya faru ba sai na gani ba, ta hannu ta ja shi. Ya sake kira, wannan karon a hankali.

Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Na saki ƙofar ta rufe a bayana, na ruga bakin titi ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina ɗaga wa tasi hannu.